Mutum-mutumi ba ya karɓar hadda: yadda furojet ɗin ɗan jami'a ya tona mana asiri a Matsinkai

A watan Afrilu, lokacin da zafi kan sa wayar hannu ta ƙi karɓar caji idan ka bar ta a rana, ɗan kawuna ya dawo gida Matsinkai da wani kwalin taliya ɗaure da roba. Yana aji biyar a sashen injiniyan lantarki na wata jami'a da ba zan kira sunanta ba, kuma saura mako shida ya tsaya gaban malamai ya kare furojet ɗinsa. Cikin kwalin akwai wata 'yar mota mai manyan tayoyi biyu da ƙarama ɗaya a gaba, wayoyin wuta ja da baƙi sun cukurkuɗe a bayanta. Wai aikinta shi ne ta riƙa bin baƙin layi a ƙasa, idan ta tarar da wani abu a gabanta ta tsaya.

"Taubashi, kullum kana cika mana baki kai ne mai kod," in ji shi. "To ga ranarka ta zo."

Da muka kunna ta, sai ta yi tafiyar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, ta tsaya, 'yar fitilar da ke kan allonta ta ƙifta, ta sake zabura, ta sake tsayawa. Kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da ƙarfinsa. Ban daɗe ina tambaya ba ya faɗa mini gaskiya: ba shi ya haɗa ta ba. Akwai wani mai shago kusa da makarantarsu da sana'arsa ke nan, ka kai masa taken furojet da kuɗi, bayan mako biyu ka dawo ka karɓi na'ura. A shagon ta yi aiki, har bidiyo ya nuna mini. Yanzu mai shagon ba ya ɗaga waya.

Kafin in yi masa dariya sai na tuna ni ma ba wankakke ba ne. Ban yi jami'a ba, a sakandare na tsaya, kod kuma a waya na koye shi kafin in samu tsohuwar laftof. Amma fiye da sau ɗaya ɗalibai sun turo mini kuɗi na rubuta musu kod ɗin furojet, ban taɓa tambayar ko sun fahimci layi ɗaya a ciki ba. Saboda haka abin da zan faɗa a nan, har da ni a cikin waɗanda ya shafa.

Ba sai yana da kai da ƙafa ba

Kalmar mutum-mutumi ta ɗan cuce mu, domin da an ambace ta sai hankali ya tafi ga wani ƙarfe mai kai da hannuwa irin na finafinai. A wurin injiniya ba siffa ake dubawa ba. Abu uku ake nema: na'urar ta ji abin da ke kewaye da ita, ta yanke shawara, sannan ta motsa. Wayar da ke hannunka tana da biyu daga ciki. Idan ka kara ta a kunne fuskarta ta yi duhu, wata 'yar sensa ce kusa da sifika ta ji kusancin fuskarka, manhaja ta yanke cewa a kashe haske. Idan ka karkata ta bidiyo ya juya, wata sensar ce daban. Abin da ta rasa kawai shi ne taya.

'Yar motar ɗan kawuna tana da duka ukun. Idanunta wasu ƙananan sensa ne biyu da ke haska ƙasa da hasken da idon mutum ba ya gani, su auna yawan wanda ya dawo; fari yana maido da haske, baƙi yana shanye shi. A gaba akwai HC-SR04, mai kama da idanu biyu na azurfa, wadda ke aika sautin da kunne ba ya ji ta jira amsa-kuwwarsa. Ƙwaƙwalwar ita ce Arduino Uno, ɗaya daga cikin allunan Arduino, waɗanda suka samo asali daga wata makarantar zane a garin Ivrea na Italiya a 2005. Wurin ajiyar firogiram ɗinsa kilobait 32 ne kacal, wato hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Tayoyin kuma ƙananan injina biyu ne ke juya su, irin waɗanda muke ciro wa daga mataccen rediyon kaset muna yara muna kira dainamo.

Dare biyu na yi ina karanta kod ɗin. Bai kai layi 100 ba, kuma daga ganinsa an kwafo shi ne daga intanet, har da sharhin mai shi na asali ba a goge ba. Amma babu kuskure a ciki. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, domin a duniyar da na saba, idan abu ya ƙi aiki to laifin yana cikin rubutu, kuma idan ka yi haƙuri za ka gan shi. A nan rubutu lafiya lau, na'ura kuma tana tari.

Mitar mai gyaran rediyo

Rana ta uku muka hau babur zuwa Bagudo wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da fitilun caji. Bai ko kalli laftof ɗina ba. Ya ɗauko mitarsa da aka ɗaure bayanta da salatif, ya ɗora tsinkenta biyu a kan batirin motar, irin ɗan murabba'in nan mai bolt 9. Mita ta nuna tara da ɗan ɗigo. Ya ce a kunna. Da tayoyi suka fara juyawa, lambar ta faɗo ƙasa da shida, allo ya mutu, tayoyi suka tsaya, lamba ta koma tara, allo ya farfaɗo, aka sake komawa farko.

"Injiniya," ya ce da ɗan kawuna yana murmushi, "wannan batirin na mita ne da makirfo. Ka ɗaura wa ɗan akuya garmar shanu."

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan rubutu. Ɗan kawuna ya yi shiru, sai ya karɓi biro ya rubuta wani ɗan lissafi a bayan kwalin: ƙarfin wutar da ke fita daga batir daidai yake da ƙarfinsa na asali, a cire abin da ke ɓacewa a cikin cikinsa, kuma abin da ke ɓacewar yana ƙaruwa gwargwadon yawan wutar da aka ja. Ya ce tun aji biyu aka koya musu wannan, ya ci jarrabawar da maki mai kyau, ya warware tambayoyi irinsa sun fi ashirin. Bai taɓa ganinsa da ido ba sai ranar, a rumfar mutumin da bai san sunan dokar ba amma shekara da shekaru yana aiki da ita.

Daga nan sai abubuwa suka riƙa ɓullowa ɗaya bayan ɗaya. Dainamo yana jan wuta mafi yawa a daidai lokacin da zai tashi daga tsaye, ninki da yawa na abin da yake ja idan ya kama gudu. Shi ya sa motar ke mutuwa a farkon tafiya ba a tsakiya ba. Ƙafar Arduino ɗaya ba a so a ja fiye da miliamfiya 20 daga gare ta, don haka ba ta iya juya taya da kanta, sai an sa ɗan tsakani, wanda a nan shi ne allon L298N. Shi kuma wannan ɗan tsakanin yana cin ladarsa: kusan bolt 2 ke ɓacewa a cikinsa su zama zafi, wani lokaci fiye. Wanda bai san wannan ba zai yi ta mamakin me ya sa tayoyinsa ba su da kuzari.

Dattijon ya fasa wani mataccen batirin laftof ya ciro ƙwayoyin da ke ciki, waɗanda ake kira 18650 saboda kaurinsu milimita 18 ne, tsawonsu 65. Kowace tana ba da bolt 3.7, idan ta cika 4.2. Ya auna su ya ware biyu masu rai, muka jera su. Ya liƙa ƙaramar kafasita a bakin kowane dainamo da dalma, domin tartsatsin da ke tashi a cikinsa kada ya rikita allon. A nan ma ɗan kawuna ne ya yi mana bayanin dalili, da zane. Bari in ja kunne tun da wuri: waɗannan ƙwayoyi ba abin wasa ba ne. Idan bakinsu biyu ya haɗu, ko aka huda su, ko aka yi musu caji ba da allon kariya ba, suna iya kamawa da wuta, kuma a ɗakin da ke da katifa da labule wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Motar ta tashi. Muka dawo gida muna ji da kanmu, muka shimfiɗa farin kwali a tsakar gida, muka ja layi da baƙin salatif. Ta bi ta kan layin ta wuce abinta kamar ba ta gan shi ba, ta nufi akurkin kaji.

Rana ce. Hasken rana yana ɗauke da irin hasken da sensar ke amfani da shi, kuma mai yawa, har ya cika mata ido ta kasa bambance fari da baƙi. A shagon da aka haɗa ta babu rana. Gyaran bai ci ko sisi ba: muka yanka robar silifas muka yi wa sensar rumfa, muka matso da ita kusa da ƙasa, sannan na ƙara 'yan layuka a kod domin duk lokacin da aka kunna motar ta fara auna farin wurin da baƙinsa kafin ta tashi. Wannan ne karo na farko da na yi wani amfani.

Zafi ma ya sa baki. Kod ɗin da aka kwafo ya ɗauka sauti na tafiyar mita 340 a daƙiƙa. A iska mai zafin digiri 40, wanda ba baƙo ba ne a Kebbi a watan Afrilu, gudun ya kai wajen 355. Amsa-kuwwa tana dawowa da wuri, sai na'ura ta ɗauka bango ya fi kusa; abin da ke nesa da mita ɗaya ta ce santimita 96 ne. Ga 'yar motar wasa wannan ba komai ba ne. Ga na'urar da za ta auna ruwan tanki ko na rijiya, kuskure ne da ya kamata mai shaidar injiniya ya san da shi.

Na ƙarshe shi ne tangaɗi. Motar tana bin layi amma kamar ɗan koyon keke, ta kwaso hagu ta kwaso dama, a kwana ta fita gaba ɗaya. Ni dabarata ita ce in rage gudu. Ɗan kawuna ya ce a'a, akwai wani darasi na aji huɗu da ya fi tsana, na sarrafa na'urori, mai cike da lissafin da bai taɓa sanin inda za a kai shi ba. A ciki akwai PID, dabarar da Nicolas Minorsky ya yi bayaninta a 1922 bayan ya lura da yadda matuƙan jirgin ruwa ke riƙe sitiyari. A taƙaice: kada ka murɗa kan abin hawa da ƙarfi iri ɗaya kullum. Ka duba nisan da ka kauce, ka duba saurin da kake kaucewa, ka kuma tuna ɗan karkacewar da ta daɗe tana taruwa. Duk ɗan acaɓan da ya taɓa ratsa yashi da buhu biyu a baya yana yin wannan da kafaɗunsa. Muka sauya sensa biyun da jeri mai biyar da ya sa aka aiko daga Kano, shi ya rubuta lissafin, ni na mayar da shi kod, muka kwashe kwana huɗu muna ƙara lamba muna ragewa har ta daina rawa.

Me ya sa sai a aji biyar?

Idan ka lissafa, wannan 'yar mota ta taɓo darasin da'irar lantarki, da na injina, da na awo, da na sarrafawa, da na firogiramin. Shekara biyar na karatu a cikin kwalin taliya. Tambayar da ta tsaya mini ita ce, me ya sa ɗalibi ba zai gamu da ita ba sai saura mako shida ya fita?

Ba wai tsarin bai tanadi aikin hannu ba. Karatun injiniya a jami'o'in Nijeriya shekara biyar ne, kuma a ciki akwai SWEP, 'yan makonnin da ɗaliban farko-farko ke yi a wurin ƙere-ƙeren makaranta, akwai kuma SIWES, wanda hukumar ITF ta ɓullo da shi a 1973, inda ɗalibi ke tafiya masana'anta, galibi wata shida a aji huɗu. Sannan furojet na ƙarshe. A takarda abin ya cika. Amma gwajin ɗakin gwaje-gwaje irin wanda aka saba, ana ba ka matakai ne a rubuce, da jadawalin da za ka cike, kuma kowa ya san amsar da ake so tun kafin a kunna wuta. Idan mutum goma sha suka kewaye na'ura ɗaya, biyu ne ke taɓawa, saura su kwafi lambobi. Abin da ba ya cikin wannan shi ne a ce maka ga matsala, ga 'yan kaya, ƙirƙiro mafita, kuma idan ta ƙone ka gano dalili.

Hukumomi sun san da wannan giɓi. A 2023 COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Nijeriya, ta samu shiga yarjejeniyar Washington a matakin wucin-gadi. Yarjejeniya ce ta 1989 da ƙasashe ke amincewa da digirin injiniyan juna a ƙarƙashinta, kuma ma'auninta shi ne abin da ɗalibi zai iya yi bayan ya gama, har da iya zana mafita ga matsala da aiki cikin ƙungiya, ba yawan darussan da ya zauna ba. A Disambar 2022 kuma hukumar jami'o'i ta NUC ta fito da sabon tsarin manhajar karatu, CCMAS, wanda ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da ita. A ganina wannan kashi 30 ɗin ƙofa ce a buɗe. Babu abin da zai hana wani sashe ya ce kowane ɗan aji biyu, cikin rukunin mutum uku, sai ya haɗa na'ura mai motsi kafin ya wuce.

Wasu sun daɗe da yin haka. A jami'ar MIT ta Amurka an yi wata gasa mai lamba 6.270 da ta faro a ƙarshen shekarun 1980, wadda ɗalibai da kansu suka riƙa gudanarwa a watan Janairu: a ba kowane rukuni kaya iri ɗaya, da 'yan bulullukan LEGO da sensa da allo, cikin 'yan makonni su fito da na'urar da za ta yi takara ba tare da hannun kowa ba. Kafin ita akwai Micromouse, wadda mujallar IEEE Spectrum ta sanar a 1977 aka yi wasan ƙarshe a New York a 1979. A tsarinta na yau, ɗan mutum-mutumi kamar ɓera ne ake sakawa a wani fili mai lunguna, gida 16 a tsaye 16 a kwance, kowane gida santimita 18, ya nemo hanyar tsakiya da kansa. Ka nemi bidiyonta idan kana da data, za ka ga abin mamaki. Amfanin gasa a nan ba kofi ba ne. Amfaninta shi ne ba a iya sayen nasara a shago, domin idan na'urarka ta tsaya a fili za a ba ka minti kaɗan ka gyara, kuma kowa yana kallo.

Za a ce ai Amurka ce, su suna da kuɗi. Gaskiya ne kaya sun yi tsada, musamman tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kuma kusan komai daga waje yake zuwa. Mu a nan sai an saya a Kano ko Legas an ba direba a tasha, ka yi kwanaki kana jira, idan abu ɗaya ya ƙone ka sake jira. Malami mai ɗalibai fiye da ɗari, da wutar da ba ta tsayawa, da zangon karatun da aka matse bayan yajin aiki, ba zan zauna a Matsinkai in ce masa malalaci ba. Amma batun kuɗi an taɓa gwada shi. A 2012 Ayorkor Korsah ta jami'ar Ashesi a Ghana da Ken Goldberg na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka kafa wata ƙungiyar masu harkar mutum-mutumi ta Afirka, AFRON, suka sa gasar ƙera na'urar koyarwa da ba za ta wuce dala 10 ba. Cikin waɗanda suka yi nasara akwai Tom Tilley, wani malami a Tailan, da ya ɗauki hannun wasan gem, ya mayar da 'yan injinan da ke sa shi karkarwa su zama masu juya taya, ya soka alawa mai tsinke biyu a kan maɓallan babban yatsa domin idan na'urar ta yi karo nauyin alawar ya motsa su. Hannun gem da alawa. A kowace kasuwa tsakanin nan da iyakar Tsamiya akwai matattun DVD da firinta da motocin wasa 'yan Kwatano, kuma kowannensu cike yake da dainamo da giya da maɓalli.

A 2022 kafafen labarai sun yi ta yaɗa labarin Isah Auwal Barde, matashi ɗan shekara 17 a Kano da ya haɗa mutum-mutumin da ke kwaikwayon motsin jikin mai sarrafa shi, da kwali da bututu da ƙananan injina, tun bai shiga jami'a ba. Irinsa suna nan a kowane gari, kuma wuraren da ya kamata su karɓe su ma suna nan: jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, da kwalejin fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, da jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da jami'ar Bayero a Kano wadda ke da sashe guda na mekatironiks, wato karatun da ya haɗa lantarki da kanikanci da kwamfuta. A Abuja kuma hukumar NITDA ta buɗe cibiyar ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi a Nuwamban 2020. Abin da nake tsoro shi ne yaro ya shiga jami'a da ƙaiƙayin kwance rediyo a hannunsa, shekara huɗu na allo da hadda su warkar masa da shi.

Mutum-mutumin gona

Wani abin da ke damuna da furojet ɗin da ake saya shi ne duk iri ɗaya ne. Mai bin layi, mai kauce wa bango, ƙofa mai buɗe kanta. Don koyo a aji biyu, madalla. Amma a aji biyar, ga ɗan Bagudo?

Mu asalin mutum-mutumin da muka sani shi ne na gona, tsumma a kan sanda. Duk wanda ya yi noman shinkafa a fadamun Kogin Kwara ya san jan-baki ba sa ɗaukar kwana uku kafin su gane tsumma ne, daga nan sai a koma tura yara da gwangwani da igiya tun asuba, wasu har su rasa makaranta. Na'urar da ke aiki da hasken rana, mai kaɗa igiya da gwangwani a lokutan da tsuntsu ba zai iya haddacewa ba, ba ta fi 'yar motarmu wuyar lissafi ba. Wahalarta a wani wuri take: ƙura, raɓa, zafin da ke narka gam, da ɓarawo. Haka batun ban-ruwa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kowace lita da injin ban-ruwa ya sha ana jin ta a jiki, kuma sau nawa ake barin inji yana zuba bayan fangali ya cika saboda mai gona yana can wani gefe? Sensa ɗaya da abin kashe inji sun isa su zama furojet, kuma manomi zai gaya maka gaskiya cikin mako guda ko yana aiki. Babu malamin da ya kai shi tsanani wurin ba da maki.

Kai kuma mai karatu da ba ka da komai sai waya, ba sai ka jira takardar shiga jami'a ba. Shafin Wokwi yana ba ka damar haɗa Arduino da fitilu da sensa na kwaikwayo a cikin burauza, ka rubuta kod ka ga yana aiki, kyauta. A ƙaramar fuska akwai ɗan takura amma ana yi. Idan ka samu allo na gaske, manhajar ArduinoDroid da 'yar wayar OTG suna iya loda masa firogiram daga Android ba tare da kwamfuta ba, ko da yake ba kowace waya ke yarda ba. Sai dai ka tuna kwaikwayo ba ya nuna maka batir mai rauni ko ranar Afrilu. Da a Wokwi muka tsaya, da mun rantse motar nan lafiyarta ƙalau. Shawarata, kafin allon ma, ka fara sayen mita, ka kuma nemi mai gyaran rediyo ko waya na unguwarku ka riƙa zama kusa da shi kana miƙa masa dalma.

Ɗan kawuna ya koma makaranta da kwalinsa. Kafin ya tafi ya je ya faɗa wa malamin da ke duba aikinsa yadda aka yi tun daga farko, abin da ni ban ba shi shawara ba don ina ganin ganganci ne. Malamin ya yi masa faɗa sosai, sannan ya sa shi ya sake rubuta babi na uku da na huɗu gaba ɗaya, da awon da muka yi a tsakar gida, har da na batirin da ya gaza. Ranar kare aiki, wani malami da ya zo daga wata jami'a ya nuna 'yar kafasitar da ke bakin dainamo ya ce mene ne amfaninta, ya kuma ce a cire ta a gani. Ya ce mini wannan ce tambayar da ya fi jin daɗin amsawa a shekara biyar.

Ni kuma na daina karɓar aikin kod ɗin furojet sai in mai shi zai zauna mu rubuta tare, abin da ya rage mini kwastomomi fiye da rabi. Yanzu muna kan na'urar kashe injin ban-ruwa a gonar kawu. Gwajin farko ya yi kwana biyu yana aiki, a na uku laka ta toshe sensar, injin ya yi ta zuba har fangalin maƙwabci. Kawu ya ce kada mu sake taɓa masa inji sai bayan girbi. Mun yi odar wata sensar mai fulot daga Kano, direban ya ce sai ranar Laraba.